Gubar da Ba Ta Ɗaci: Fashin Baƙi Kan Abin da Muke Ci da Wanda Muke Shaƙa

Wata Asabar bayan an cire gyaɗa, na tarar da goggona a tsakar gidanta a Tudun Wada, ta baje faifai tana tsinta. Masu ƙiba da jar riga tana watsa su a roba. Waɗanda suka yamutse, da fasassu, da masu baƙi-baƙi ko kore-kore a jiki, tana tara su a wani kwano daban. Na ji daɗi a raina, na ce ashe ta san abin. Sai na tambaye ta:

"Goggo, waɗannan na kwanon zubarwa za a yi ko?"

Ta ɗago kai ta dube ni. "Zubarwa? Ɗan nan, ka san nawa mudu yake yanzu? Mai kyan ta suya ce. Wannan kuma a kai inji, a matse mai, a yi wa yara ƙuli. Ai wuta tana cinye komai."

Maganarta ta ƙarshen nan ce ta zaunar da ni rubutu, domin ba ita kaɗai ta yarda da haka ba, kusan duk gidajenmu ne. Wuta tana kashe ƙwayoyin cuta, wannan gaskiya ne. Sai dai akwai gubar da ko an kwana ana tafasa ta tana nan daram.

Mu gubar da muka sani ita ce mai gaggawa: fiya-fiya, shinkafar ɓera, wadda in yaro ya sha da hantsi kafin azahar unguwa ta ji. Ita muke ɓoyewa a saman durowa. Amma wadda ta fi yi mana ɓarna ba ta wari, ba ta ɗaci, ba ta sa amai a ranar. Kaɗan-kaɗan take shiga, da yayyafi kogi kan cika, sai bayan shekara goma ko ashirin a ji hanta ta kumbura, ko ƙoda ta tsaya, ko yaro ya kasa gane karatu a ce ai shi dama ba shi da ƙoƙari. Duk wanda zai auna haɗarin irin wannan guba, abu uku zai duba: yawan abin da ya shiga, tsawon lokacin da ya ɗauka yana shiga, da kuma jikin da ya shiga. Na ukun nan shi ne aka fi mantawa, alhali shi ne ya fi kusa da hannunmu. Zan dawo kansa.

Abin da ke cikin kwanon Goggo sunansa afulatoksin. Wata fumfuna ce da ke zaune a cikin ƙasa take samar da shi, kuma ba ta da abincin da ta fi so irin masara da gyaɗa. Tun a gona take kama su, musamman in fari ya taɓa shuka ko tsutsa ta huda zangarniya. In kuma aka girbe da sauran danshi, aka baje a ƙasa tsirara, ko aka ɗure a buhu bai gama bushewa ba, sai ta samu gida. Duniya ta fara sanin wannan guba ne a 1960, lokacin da talo-talo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan an ba su abincin da aka haɗa da gyaɗar Birazil. A 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya saboda masarar da ta gurɓace da ita. Wannan kisan gaggawa ke nan, in ta yi yawa sosai. In kaɗan ce kullum-kullum, hanta take bi, kuma hukumar binciken kansa ta duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansa. An kuma danganta ta da tsumburewar yara.

Me ya sa lamarin ya shafe mu fiye da wasu? Jiharmu, Kaduna, ta masara ce. Daga Saminaka zuwa Giwa, Soba da Ikara, tireloli ake lodawa. Daminarmu kuma tana kaiwa Oktoba, don haka masarar farko sau da yawa ana karya ta ruwa bai ɗauke ba. Sannan dubi tukunyarmu: kokon masara da safe, tuwon masara da dare, kunun gyaɗa ga mai jego da yaron da ake yayewa. In aka matse man gyaɗa, mafi yawan gubar ba ta bin man, a tunkuza take zama, tunkuzar ce kuma take komawa ƙuli-ƙuli. Ƙulin nan shi ne a yajin tsire, shi ne a kwaɗon rama, shi ne a kwaɗon zogalen da muke ci da niyyar gyara jiki. Wannan wurin yana min ciwo ƙwarai, domin mai ƙaramin ƙarfi shi ne ke sayen gyaɗar da aka tsince aka bari, saboda ita ce mai araha.

Akwai kuma wani haɗi mai muni. Wanda ke ɗauke da ciwon hanta nau'in B, in yana cin afulatoksin, haɗarin kansar hanta a wurinsa yana ninkuwa sosai, har an ƙiyasta kusan sau 30 a kan wanda ba shi da ciwon. Shi ya sa allurar rigakafin ciwon hanta da ake yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa, wadda kyauta ce a asibitocin gwamnati, nake lissafa ta cikin maganar abinci. Babba ma ya je a gwada jininsa, in ba shi da ciwon a yi masa rigakafin.

Abin farin ciki, rabin maganin yana hannun iyayenmu mata tun fil azal. Tsinta da Goggo take yi ita ce babbar kariya, domin gubar a cikin 'yan ƙwayoyi kaɗan take taruwa, waɗanda suka lalace. Surfe, da bakace, da wanke tsaba a zubar da abin da ya taso saman ruwa, duk suna rage ta. Kuskuren kawai shi ne mayar da abin da aka tsince cikin abinci ta bayan gida. Ko saniya mai tatsa bai kamata a ba ta ruɓaɓɓen hatsi ko dusar da ta yi fumfuna ba, domin wani kaso yana fitowa a nono. Manomi kuma ya shanya a kan tamfol, ya bari sai ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori, ya ɗora buhu a kan katako kada ya taɓa ƙasa ko bango. Cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wato ƙwayar dawa da aka shafa wa irin fumfunar da ba ta yin guba. Ana watsa kilo 10 a hekta, mako biyu zuwa uku kafin shuka ta yi fure, sai mara gubar ta riga mai gubar kama wuri.

Daga masara sai wake. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya ƙasashenta, saboda an yi ta samun sinadarin kashe ƙwari mai suna dikilobos a cikinsa fiye da ƙima. Sinadarin nan shi ne a cikin Sniper, kuma da shi ake haɗa fiya-fiya. Waken da Turawa suka ce ba za su ci ba, mu ne muka ci gaba da cin irinsa. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kantuna da kasuwanni, amma kowa ya san ba ya wuyar samu. Ba na ɗora wa ɗan kasuwa laifin duka, ƙwaro yana iya mayar da buhun wake gari cikin 'yan watanni, jarinsa ke nan. Sai dai akwai hanyar da ba ta buƙatar magani ko kaɗan: buhun nan mai rufi uku da Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro, leda biyu masu kauri a ciki, buhu a waje. In aka ɗaure bakin kowanne da kyau, ƙwaron zai shanye iskar da ke ciki ya mutu. Jarka mai tsabta mai murfi da roba ma haka take yi a gida. A kasuwa kuwa, ɗebi waken ki shinshina. In kika ji warin magani, ki wuce gaba. Wankewa da zubar da ruwan tafasar farko suna ragewa, amma ba sa mayar da gurɓataccen wake lafiyayye. Ƙwayar maganin da ake jefawa cikin buhun hatsi kuma iskar guba take fitarwa, kada a taɓa ajiye irin wannan buhu a ɗakin da ake kwana. Jarkar maganin feshi in ta ƙare, a huda ta, ba ta ruwan sha ba ce, ba ta manja ba ce.

Yanzu ga dalma, wadda ita ce ta fi ba ni tsoro saboda yara take nema.

A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka lura yara suna ta mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da Yargalma, daga baya Bagega. Da farko an zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Ashe dutsen zinariya ne da ake kawowa cikin gida ana dakawa ana niƙawa, dutsen kuwa cike yake da dalma. Ƙurar ta bi tsakar gida, yara suna rarrafe suna kai hannu baki. Sama da yara 400 suka rasu, sai da aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 aka maimaita a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28. Rafi kuwa iyaka ɗaya take da Birnin Gwari, inda mu ma ake haƙar zinariya. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Amma kada mazaunin Rigasa ko Kawo ya ce ai shi ba mahaƙi ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira marar illa, kuma hanjin yaro yana zuƙar ninki huɗu zuwa biyar na abin da hanjin babba ke zuƙa. Wani rahoton UNICEF na 2020 ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin uku a duniya, kusan miliyan 800, yana da dalma a jini da ta kai matakin damuwa. An daina zuba ta a fetur, Aljeriya ce ta ƙarshe a 2021, amma sauran ƙofofin suna buɗe. Batirin mota da na sola da ake fasawa a cikin unguwa. Fenti mai mai, musamman rawaya da ja, in ya tsufa yana ɓarɓashi. Uban da ke aikin batir ko walda ko gwangwan, ya dawo gida da kayan aiki a jiki ya ɗauki jariri. Wannan na ƙarshen maganinsa ba ya cin ko sisi: a canza kaya a wurin aiki, a yi wanka kafin a taɓa yaro, a wanke kayan daban.

Sai tukunyar da ake zubawa da narkakken ƙarfe. Ina girmama maƙeranmu, duk wanda ya zaga kasuwar Panteka ta Kaduna ya san akwai basira a garin nan. Matsalar tana ga abin da ake narkawa. In aka haɗa da tarkacen injin mota, da lagireto, da wani abu na batir, dalma tana shiga, kuma binciken da aka yi a Kamaru da wasu ƙasashe ya nuna irin waɗannan tukwane suna sakin ta cikin abinci. Abu mai tsami ya fi jawo ta: tumatir, tsamiya, zoɓo. Wadda ba ta da halin canza tukunya, aƙalla kada miya ta kwana a ciki, kada a jiƙa zoɓo a ciki, kuma a rage dirje cikinta da yashi har sai ta yi ƙyalli.

Maganar kwalli tana da nauyi, na sani, domin ado ne, gado ne, wasu kuma don sunna suke sawa. Ba sa kwalli nake suka ba, dutsen da ake niƙawa shi ne abin dubawa. Dutsen nan mai ƙyalƙyali da aka fi sayarwa, sau da yawa ma'adinin dalma ne tsantsa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a birnin Boston da aka samu dalma a jininsa, da aka auna kwallin da ake sa masa sai aka ga kashi 82.6 cikin ɗari dalma ce. Jariri yana murza ido ya tsotsi hannu, hawaye ma yana gangarawa ta hanci zuwa maƙogwaro. Illar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta gyaruwa. Ga mace kuma, a ƙashi take ɓuya shekaru, sai ta samu ciki ta fito ta bi jini zuwa ga ɗan tayi. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: idon jariri ba ya buƙatar kwalli.

Hayaƙi kuwa mun saba da shi har ba ma ganinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a 2020, ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Ka tuna uwa a duƙe gaban murhu tana fifita ɗanyen itace, goyo a bayanta, kansa daidai inda hayaƙin ke tashi. In wutar ta ƙi kamawa a jefa leda ko tsohon silifa. Na san kuɗin gas ya kori mutane da dama sun koma itace da gawayi, ba zan ce wa kowa ya sayi abin da ba shi da halinsa ba. Amma busasshen itace, da girki a sarari, da sauke goyo a ba wani ya riƙe, da daina hura wuta da roba, duk suna cikin iko. In hunturu ya shigo kuma, kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kisa yake yi, haka janareta a baranda kusa da taga. Iskar da suke fitarwa ba ta wari, barci take sa mutum. Kai da ƙafa ko gandar da aka babbake da tayar mota, in ka ji warin roba, ka bar ta.

Sauran zan bi su da sauri. Burodin da ya kumbura kamar balan-balan amma ba nauyi, a yi hattara da shi, mai yiwuwa an sa masa sinadarin kumbura burodi ne, buromet, wanda aka hana tun zamanin Dora Akunyili a NAFDAC. Ayaba da mangwaron da aka nunar da kabayid ɗin masu walda sukan yi rawaya a waje, ciki da ɗanye. Alala da koko mai zafi a cikin leda, kwano ya fi. Ganyen lambun bakin kogi a wanke shi da ruwa mai yawa, ba tsoma ɗaya ba.

To, mu koma kan jikin da gubar ta shiga. Dalma ba ta da ƙofarta a hanji, ta ƙofar sinadarin ayon (mai ƙara jini) da ta kalsiyam (mai gina ƙashi) take bi. Jikin da ke ƙarancin ayon yana buɗe ƙofar nan sosai don ya samu, sai dalma ta shige. Cikin da babu komai a ciki ma ya fi zuƙarta. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 68 cikin ɗari na ƙananan yaran Najeriya suna da ƙarancin jini, kashi 37 kuma sun tsumbure. Ke nan yara biyu za su yi wasa a ƙura ɗaya, wanda ya karya da abinci mai kyau ya tsira da kaɗan, wanda ya fito da yunwa ya kwashi mai yawa.

Abincin da ke rufe ƙofar nan kuma ba daga kanti yake ba. Wake, hanta ko da sau ɗaya a mako, ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu, ƙwai, alayyahu, zogale, rama, kuka, daddawa, riɗi, nono. A haɗa da abu mai bitamin C, gwaiba ko lemo ko garin 'ya'yan kuka, domin yana taimaka wa jiki ya ɗauki ayon ɗin ganye. Shayi kuwa akasin haka yake yi, gara a ba shi tazarar awa ɗaya da abinci. Sannan a riƙa sauya tuwo. Gero da dawa ba su kai masara kama fumfunar nan ba, ga acca daga kudancin jihar, ga doya, dankali, gwaza. Gidan da ke juya abinci ya raba haɗarinsa, ko da buhu ɗaya ya zo da matsala ba shi ne safe da dare ba.

Wannan ne ya sa nake jin takaicin masu tallar "wankin jini" da "wankin ciki", na cikin mota da lasifika a bakin tasha da na Facebook da TikTok. Sun gane mutane suna tsoron guba, sai suke sayar musu da jarka. Aikin tace jini na hanta da ƙoda ne, kuma babu jiƙon da ke zaƙulo dalma daga ƙashi. In ta yi yawa a jini, gwaji ne ke nunawa, maganinta kuma a asibiti yake ƙarƙashin kulawar likita. Wasu haɗe-haɗen ma, da ba a san abin da ke ciki ba balle ƙima, ƙodar da ake son taimaka wa suke ƙonawa. Ina da yaƙini a kan amfanin tsirranmu, da su muka tashi. Amma cewa abu "na Allah da Annabi ne, ba sinadari" ba shaidar lafiya ba ce. Fumfunar gyaɗa ba a masana'anta aka yi ta ba, dutsen kwalli ma daga ƙasa aka tono shi.

Akwai iyakar abin da uwar gida za ta iya. Ba ta da na'urar auna dalma a fenti ko afulatoksin a ƙuli, wannan aikin NAFDAC ne da hukumar kula da ingancin kayayyaki, SON, da hukumar kare muhalli ta jiha, KEPA. A riƙa ɗibar samfur a kasuwannin hatsi ana aunawa ana faɗa wa jama'a sakamako da Hausa a rediyo, a fitar da masu fasa batir daga tsakiyar gidaje a ba su wuri, a sa gwajin dalma a asibitocin yankunan da ake haƙar zinariya.

Goggo dai ba ta yarda nan take ba. Sai da na ce mata ƙulin nan jikokinta ne za su ci, sannan ta yi shiru, ta jawo kwanon ta sake dubawa. Fasassun da ba su canza launi ba, su ta so ta mayar, muka yi ta ja, daga ƙarshe ta bar su. Abin da muka binne a bayan gida bai kai rabin mudu ba. Tana wanke hannu ta ce, "To na kasuwa fa, wa ya tsince musu?" Tun daga ranar, in za a yi ƙuli a gidan, gyaɗa take saya da kanta, ta tsince, ta aiki yaro inji ya tsaya a kai har a gama.